Tsohon shafin cikin gida na kantunanmu yana kan Joomla 3, ta ina zan fara sabunta shi?

Ɗan Tudun Wada:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar nan.

Ni ke kula da kwamfutocin wani kamfanin sayar da kayan masarufi, babban ofis da sito a Gusau, rassa a Kaura Namoda da Talata Mafara, da ƙaramin shago guda a cikin gari. Muna da shafin cikin gida wanda ma'aikata kaɗai ke shiga. A nan ake saka jerin farashi na mako, sanarwar manaja, jadawalin aiki, takardar neman hutu, kuma ta nan rassa ke turo buƙatar kaya zuwa sito. Mutum arba'in da 'yan kai ke amfani da shi.

Ga abin da ke ƙasa: kwamfutar tebur ce mai Windows 7, an ɗora mata XAMPP (kunshin manhajojin da ke sa kwamfuta ta ɗauki shafin intanet) mai PHP 5.6, PHP shi ne harshen da ake rubuta irin wannan shafi da shi. Shafin kuma an gina shi ne da Joomla 3.6.5, manhajar ginawa da sarrafa shafi. Ɓangaren farashi da buƙatar kaya ba na Joomla ba ne, wani ne ya rubuta mana shi da hannu, kuma ya daɗe da barin aikin. Rassa suna shigowa ta intanet, an buɗe musu ƙofa a rautar ofis.

Alhaji ya amince a sayi sabuwar na'ura a sabunta komai, da sharaɗi ɗaya: kada a wayi gari rassa ba su ga farashi ba. Tambayata, in danna maɓallin sabuntawa ne kawai ya tafi har Joomla 5, ko akwai matakai? Kuma me ya fi saurin lalacewa a irin wannan aiki?

Injiniya Kwatarkwashi:

Wa alaikumus salam Malam. Kada ka danna komai a kan na'urar da ake aiki da ita. Wannan ce doka ta farko. Tsohuwar kwamfutar nan ka bar ta yadda take har ranar da za a kashe ta, duk gwaji a kan kwafi za ka yi shi.

Babu hanyar tsallake daga 3.6.5 zuwa 5 kai tsaye. Zango uku ne: 3.6.5 zuwa 3.10.12, daga nan zuwa 4.4, sannan 5. Dalili shi ne kowane zango da irin PHP ɗin da yake so. Joomla 4 ba ya tashi a ƙasa da PHP 7.2.5, Joomla 5 kuma sai 8.1 ko sama da haka, da manhajar rumbun bayanai MariaDB 10.4 ko MySQL 8.0.13 zuwa sama. Naka 5.6 ne, wanda aka daina yi wa gyaran tsaro tun ƙarshen 2018. Shi ma Joomla 3 an rufe littafinsa a watan Agustan 2023. Wato abin da kuka buɗe wa ƙofa a intanet, shekaru ke nan ba mai toshe masa ɓaraka.

Da farko ka ɗauki kwafi na gaske. Da dare bayan an tashi, tsayar da Apache, manhajar da ke miƙa wa masu shiga shafin, don kada wani ya rubuta sabon abu, ka kwafe foldar shafin gaba ɗaya daga htdocs, sannan ka fitar da rumbun bayanai da mysqldump. Kada ka dogara da fitarwar phpMyAdmin, shafin sarrafa rumbu da ke zuwa da XAMPP, idan rumbun yana da girma, takan yanke a tsakiya ta ba ka fayil rabi ba tare da ta yi kuka ba. Buɗe ƙarshen fayil ɗin ka tabbata akwai layin "Dump completed". Ajiye kwafi biyu, ɗaya a faifan waje, ɗaya a wajen ginin ma.

Sai ka samu laftof ka ɗora masa XAMPP mai PHP 7.4, ka zuba kwafin. PHP 7.4 ita ce gada, domin Joomla 3.10 da 4.4 duka suna tafiya a kanta. Gyara configuration.php: sunan rumbu, kalmar sirri, da hanyoyin log_path da tmp_path. Idan waɗannan biyun suna nuna foldar da babu ita, sabuntawa takan tsaya da kuskuren da ba ya gaya maka komai. A php.ini ka ɗaga memory_limit zuwa 256M, upload_max_filesize da post_max_size zuwa 64M, max_execution_time zuwa 300. Kunshin sabuntawar ka sauke shi da hannu ka loda, maimakon barin Joomla ya janyo da kansa, don in sabis ya yanke ana tsaka da saukewa sai ka sake daga farko.

Bayan ka isa 3.10.12, sauya tashar sabuntawa zuwa Joomla Next. Zai nuna maka shafin binciken share fage, inda yake jera duk ƙarin manhajojin da aka ɗora, da waɗanda yake zargin za su karya shafin. Wannan jerin shi ne ainihin aikin. Duk wanda ba a amfani da shi, cire shi ta hanyar cirewa, ba kashewa kaɗai ba. Wanda ake buƙata kuma yana da sabon fitarwa, sabunta shi. Wanda mai shi ya yi watsi da shi, nemi madadinsa tun yanzu. Fulogin (plugin, ƙananan ƙarin manhajoji) na rukunin system su ne mafiya haɗari, saboda suna tashi a kowane shafi, guda ɗaya tsoho ya isa ya hana ka shiga har ɗakin gudanarwa. Kafin ka danna, kunna Debug ka kai rahoton kuskure matakin Maximum, don in ya faɗi ya gaya maka sunan fayil da lambar layi, ba farin allo kawai ba.

Fuskar shafin za ta canza, ka sanar da Alhaji tun da wuri. Protostar da Beez3, tsarin fuskar shafi na Joomla 3, ba su zo Joomla 4 ba, Cassiopeia ce ta maye gurbinsu, kuma sunayen gurabun module, wato wuraren da ake saka menu da makamantansa, sun bambanta. Abin da ke position-7 a da sai ka mayar da shi sidebar-right da hannu, in ba haka ba menu ya ɓace ka ɗauka bayanai ne suka salwanta.

Sabuwar na'ura kuwa, ni Ubuntu Server 24.04 zan ce, wani nau'in Linux ne, yana zuwa da PHP 8.3 da MariaDB 10.11. In XAMPP ɗinka MariaDB ne a ciki, ka tsaya a kan MariaDB, ba sai ka ƙara wa kanka wahalar ƙaura zuwa MySQL 8 ba. Ka ɗauke shafin da ya kai 4.4 ka zuba a can, ka tabbata yana tafiya, sannan ka hau 5. Fulogin ɗin Backward Compatibility ka bar shi a kunne har sai ka gwada kowane ƙari. Ga mutum arba'in, RAM 8GB da faifan SSD biyu masu kwafin juna sun wadatar.

A ɗauki kwafi a ƙarshen kowane zango, ka rubuta kowane mataki a littafi yadda ka yi shi. Ranar ƙaura wannan littafin za ka bi layi-layi.

Hajiya Mai Lissafi:

Injiniya ya kawo hanya daidai, amma ni a ganina ba Joomla ne zai ba ka ciwon kai ba. Ɓangaren nan da aka rubuta da hannu ne, kuma shi ne wanda rassa ba za su iya kwana ɗaya babu shi ba.

Tun kafin ka fara komai, bincika fayilolinsa ka nemi mysql_connect da mysql_query. In ka gan su, to da zarar ka hau PHP 7 ya mutu, domin an cire waɗannan umarnin gaba ɗaya daga 7.0. Sai an mayar da su mysqli ko PDO. Nemi ereg da split, su ma sun tafi a 7.0. A PHP 8 kuma each da create_function sun tafi, sannan count a kan abin da ba jeri ba yana tsayar da shafin maimakon gargaɗin da yake yi a da. In an rubuta shi a matsayin ɓangaren Joomla, nemi JRequest da JError, babu su a 4. Ƙirga layukan da abin ya shafa. In 'yan ɗari ne, a gyara. In dubbai ne kuma babu tsari, biyan wani ya sake rubuta shi ya fi arha.

Abu uku da ƙaura daga Windows zuwa Linux ke tonawa. Linux yana bambanta babban baƙi da ƙarami, don haka in fayil sunansa Farashi.php amma an kira shi farashi.php, a Windows ya wuce, a Ubuntu ba zai gan shi ba. Haka sunayen tebura a rumbun bayanai. Na biyu, irin wannan rubutu yawanci da root marar kalmar sirri yake shiga rumbu, kamar yadda XAMPP ke zuwa. A Ubuntu wannan ba zai yi ba, ka buɗe masa mai amfani nasa da izini a kan rumbunsa kaɗai. Na uku, sabuwar MariaDB tana da tsauri. A da in kashiya ta bar gurbin adadi fayau, sai a ajiye 0 a wuce. Yanzu za ta ƙi karɓa ta ce "Incorrect integer value". Wasu za su ce ka kashe tsaurin a sql_mode. Zai yi aiki, amma gara a gyara fom ɗin ya ƙi tafiya babu adadi.

Yanzu ga wanda ba a cika faɗa ba, haruffanmu masu lanƙwasa da alamar naira. Teburan Joomla kansu suna kan utf8mb4, tsarin ajiye haruffa mai ɗaukar namu duka, tun 3.5, ba matsala. Amma teburan da aka ƙirƙira da hannu sau da yawa latin1 ne, tsohon tsarin da bai san ƙ da ɗ ba, ana cusa musu rubutun UTF-8 a haka. A tsohon shafi komai yana fita daidai, saboda kuskuren shiga da na fita suna goge juna. Kana ƙaura sai ka ga "ƙwai" ya koma "Æ™wai", "ɗanyen" ya koma "É—anyen", ₦ kuma ta koma "â‚¦". Kada ka yi saurin buga CONVERT TO CHARACTER SET, zai tabbatar da ɓarnar ne ya mayar da ita ta dindindin. Duba tukuna da SELECT HEX a kan sunan kaya guda mai ƙ. In ka ga C699, bayanan lafiya suke, lakabin teburin ne ƙarya. Sai ka fitar da waɗannan teburan da mysqldump tare da --default-character-set=latin1 da --skip-set-charset, ka buɗe fayil ɗin ka sauya CHARSET=latin1 zuwa utf8mb4, ka shigar da shi da utf8mb4. In ka ga C386E284A2, an riga an ninka shi sau biyu, gyaran daban ne. In kuwa 3F ka gani, alamar tambaya ce aka ajiye, harafin ya tafi, sai dai a sake bugawa da hannu.

Ka kuma duba irin gurbin da aka ajiye farashi a ciki. In rubutu ne, da waƙafi kamar 12,500, kada ka mayar da gurbin na lamba kafin ka cire waƙafin. Ko dai rumbu ya ƙi, ko ya yanke ya bar 12, reshen Mafara ya sayar da katon ɗin sabulu naira goma sha biyu a takarda.

Bamafare:

Ni fa ban ga dalilin duk wannan wahala ba. Sanarwa da jadawali da takardar hutu, ai Google Workspace ko Microsoft 365 sun gama da su. A biya kuɗin wata, babu na'ura, babu kwafi, babu ruwanka da wuta. Jerin farashi a saka a Sheets, a ba manajoji izinin gani kawai. Ko kuma a ɗauki hayar saba (server) a intanet a ɗora Joomla ɗin a can, ko'ina mutum yake ya shiga.

Malam Na Kaura:

Bamafare, maganarka tana da ƙamshin gaskiya, amma a lissafa da kyau. Kuɗin waɗannan kan kowane mutum ne a kowane wata, a ninka da arba'in, kuma farashinsu yana bin dala. Sannan kada mu manta da Satumban 2021, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a faɗin jihar nan ta Zamfara saboda matsalar tsaro, aka yi makonni babu sabis. Kamfanin da komai nasa ke intanet, ko babban ofis ba zai ga farashinsa ba a irin wannan hali. In na'urar tana cikin ofis, aƙalla sito da hedikwata suna aiki ta wayar cikin gida. Rassa dai sun yanke ko ta yaya, shi ya sa ya kamata shafin ya riƙa fitar da jerin farashi a PDF, kowane reshe ya sauke ya ajiye duk lokacin da aka sabunta. Hayar saba ta fi dacewa da ajiye kwafin dare, a rufe shi da kalmar sirri kafin a tura.

Malam mai tambaya, ƙofar nan da kuka buɗe a rauta ita ce ta fi tayar min da hankali. A rufe ta ranar ƙaura, kada a buɗe wa sabuwar na'ura. Rassa su shigo ta VPN, keɓantacciyar hanya ce mai kulle da ake bi ta cikin intanet. In rautocinku MikroTik ne, manhajarsu RouterOS 7 tana da WireGuard, wani nau'in VPN, a ciki, ba sai ka sayi komai ba. Sharaɗinsa babban ofis ya kasance da adireshin IP na fili. Layukan waya yawanci suna ɓoye mutane da yawa a bayan adireshi ɗaya, to a rassa wannan ba damuwa, tunda su ke kira, amma in hedikwata ma a haka take, sai ka bi ta ƙaramar sabar haya a tsakiya ko ka yi amfani da Tailscale, sabis ɗin VPN da ba ya buƙatar adireshin fili. A saka PersistentKeepalive a 25 a ɓangaren rassa. In shafin shiga yana buɗewa amma manyan shafuka suna maƙalewa, MTU ne, wato iyakar girman ƙunshin bayanai da ke wucewa, sauke shi daga 1420 zuwa 1280 ka gani. Kuma kada rassa da hedikwata su yi tarayya a zangon adireshi ɗaya. In kowa 192.168.1.0 ne, hanya za ta rikice. Ba Gusau 10, Kaura 20, Mafara 30 a gurbi na uku na adireshin.

Ba wa shafin suna, a daina buga lambobi. Bincika rumbun ka nemi tsohon adireshin IP, za ka same shi a manne cikin tsofaffin sanarwa da hotuna, ka sauya su zuwa gajeriyar hanya marar adireshi.

Kwamfutocin kanti ma a duba su. Joomla 4 ya bar Internet Explorer. A Windows 7, Chrome ya tsaya a 109, Firefox a 115. Za su buɗe shafin, amma ka gwada a kan mafi tsufar kwamfutar da kuke da ita, ba a laftof ɗinka ba. In agogonta na komawa baya duk safiya, batirin CR2032 na cikin allo ne ya mutu, kuma da agogo marar daidai burauza za ta ƙi takardar shaidar HTTPS.

Wuta kuwa kowa ya san halinta. UPS mai 1500VA da ke da wayar USB, ka haɗa da NUT, manhajar da ke lura da batirin UPS, don na'urar ta kashe kanta cikin tsari in batir ya kusa ƙarewa. Tsakanin ɗaukewar wuta da tashin janareta ne rumbun bayanai ke lalacewa. In teburan nan na hannu a kan tsohon tsarin ajiya na MyISAM suke, mayar da su InnoDB, shi yana farfaɗowa da kansa bayan yankewa. A ɗaga na'urar daga ƙasa, a busa mata ƙura bayan hunturu, kuma kada a kulle ta a kabad marar iska, zafin Maris da Afrilu ba wasa ba ne.

Ɗan Tudun Wada:

Allah ya saka da alheri, ya ƙara ilimi. Hajiya, na duba, mysql_query ne cike da fayilolin, kuma teburan latin1 ne kamar yadda kika ce, HEX ya ba ni C699. Saura tambaya ɗaya. Gwajin zai ɗauki makonni, kuma a lokacin ana ci gaba da saka sabbin bayanai a tsohon shafi. Yaya zan haɗa su ranar ƙaura ba tare da an rasa komai ba?

Injiniya Kwatarkwashi:

Ba haɗawa za ka yi ba, maimaitawa za ka yi. Kwafin gwaji na koyo ne, ana jefar da shi. Ranar ƙaura ka ɗauki sabon kwafi daga tsohuwar na'ura ka bi littafinka daga farko har ƙarshe. Shi ya sa ake so ka yi cikakkiyar maimaitawa aƙalla sau biyu kafin ranar, kana duba agogo, don ka san awa nawa za ka nema wajen Alhaji. Ba a fafe gora ranar tafiya. Fayilolin da ka gyara na ɓangaren farashi ka ware su a folda guda, ka zuba su a ƙarshe.

Zaɓen rana yana da muhimmanci. Ban da ƙarshen wata lokacin albashi da ƙirgar kaya, ban da azumi, ban da makon da ke gaban kowace Sallah. Nemi dare a tsakiyar wata. Da yamma kowane reshe ya buga jerin farashi a takarda, a sanar cewa daga ƙarfe takwas ba mai turo buƙatar kaya. Saka tsohon shafi a yanayin Offline, ka tsayar da ɓangaren hannu shi ma, don shi ba lallai ya bi umarnin Joomla ba.

Bayan ka gama, kafin ka buɗe wa kowa, gwada da lissafi ba da ido ba. SELECT COUNT a kan teburin masu amfani, na sanarwa, na kaya da na buƙatu, a tsoho da sabo, lambobin su zo ɗaya. SUM na gurbin farashi shi ma ya zo ɗaya. Shiga da asusun kashiya, na mai sito, na manaja, ka tabbata kashiya ba ta ganin farashin sari ko takardun albashi. Loda hoto, buga takarda, tura buƙata guda daga reshe ta VPN. Saita yankin lokaci zuwa Africa/Lagos a Joomla da php.ini, in ba haka ba lokacin buƙatu zai riƙa nuna baya da awa ɗaya. Izinin foldoji ya zama 755, na fayiloli 644, mallakar www-data, asusun da Apache ke aiki da shi a Ubuntu. Duk aikin da Task Scheduler ke yi a tsohuwar na'ura, mayar da shi cron, takwaransa na Linux, an fi mantawa da wannan. A kashe Debug.

Wannan ne kuma lokacin share asusu. Karɓi jerin ma'aikata na yanzu daga ofishin albashi, duk wanda ba ya ciki a toshe shi. Asusun "reshe1" da mutum biyar ke rabawa a raba shi, kowa da nasa, a tilasta sauya kalmar sirri a shigar farko, masu gudanarwa kuma a kunna musu tabbaci na biyu. In akwai lambobin NIN, BVN ko asusun banki na ma'aikata a shafin, dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta shafe ku, kuma kwafin da ke laftof ɗin gwaji yana ɗauke da su duka, a goge shi in an gama.

Tsohuwar kwamfutar a zare mata wayar netwok, a ajiye ta wata guda ba a taɓa ba. Ku yanke tun kafin ranar: in ƙarfe shida na safe ta yi rassa ba su iya ganin farashi ko turo buƙata ba, a mayar mata da wayarta, a sake sa wata rana. Bayan an fara rubuta sabbin bayanai a sabon shafi komawa ta yi tsada, don haka a makon farko kwafin rumbu ya zama sau biyu a rana, azahar da dare, kuma ka gwada mayar da guda a laftof ka tabbata yana buɗewa.